Ina ake samun abinci mai kyau idan jirgin ruwa ya tsaya a gari?

Mamman Birni

Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da war haka. Shawara nake nema wajen waɗanda suka san Turai ko suka taɓa shiga irin manyan jiragen ruwan nan na yawon shaƙatawa masu zagaya garuruwan bakin teku. Ƙanena da ke aiki a Liyon ne ya biya ma Hajiyarmu kuɗin tafiyar, ya ce tun rasuwar Baba ba ta samu ta huta ba, ni kuma zan raka ta don ba za ta iya wannan doguwar hanya ita kaɗai ba, shi zai tarbe mu a Marsai mu shiga tare. Kwana 7 ne cikin watan Yuli in Allah ya kai mu, daga Marsai sai Jenowa, Napoli, Palarmo, Tunis, Basalona, a dawo Marsai.

Na san akwai abinci cikin jirgin kuma yana cikin kuɗin da aka biya, amma Hajiya ba ta cin naman da ba ta san yankansa ba, ko a Yamai sai ta tambaya balle can, ni ma kuma gaskiya ina so in ɗanɗana abincin mutanen garuruwan, kar in je har Italiya in dawo Damagaram ban ci komai ba sai na cikin jirgi. To ta yaya mutum zai gane gidan abinci na kirki a garin da awa 7 ko 8 kawai zai yi, bai san kowa ba? Faransanci ina ji amma na Italiya da na Sifen ko gaisuwa ban iya ba, ƙanen nawa shi ma bai taɓa wuce Faransa ba. Kuma ba na son inda za a tatse mu, yaron ya riga ya kashe kuɗi da yawa. Sannan Hajiya gwiwa na damunta ba ta iya tafiyar ƙasa mai nisa. Allah ya saka ma duk wanda ya taimaka.

Laminu na Marsai

Wa alaikumus salam Malam Mamman. Allah ya yi ma ƙanenka albarka, ya ƙara ma Hajiya lafiya. Ni ɗan Garin Malam ne amma na daɗe zaune a nan Marsai, kullum ina ganin mutanen jiragen nan suna sauka suna faɗawa hannun masu jiran su.

Abu ɗaya za ka riƙe, sauran duk reshensa ne. Ka san mai tuwon tasha a hanyar Yamai da ta san motarku za ta tashi nan da minti 20 kuma ba za ta sake ganin fuskarka ba, miyarta ba za ta taɓa zama ɗaya da ta matar cikin unguwa ba, wadda in ta ɓata girki yau gobe maƙwabta su ƙaurace mata. To haka gidajen abincin bakin tashar jirgin ruwa suke, jirgi ɗaya na iya sauke mutum 4,000 ko 5,000 da safe ya kwashe su da yamma, mai resto bai da dalilin wahalar da kansa. Kai ka nemi inda masu dawowa gobe suke ci. In ka ga mutum tsaye bakin ƙofa yana kiran masu wucewa, ga hotunan abinci an manna a allo, ga takardar abinci da yare 5 ko 6 da tutocin ƙasashe, kuma suna da komai tun daga piza har shinkafar Sifen, to ka wuce abinka. Wanda ya iya girki abinci kala kaɗan yake yi, sau da yawa ma da alli yake rubuta na ranar, kuma da rana tsaka za ka tarar da ma'aikata da tsofaffin unguwa zaune. Yawanci ba nisa, ka bar babban titi ka shiga layi biyu ko uku ciki shi kenan.

Na Marsai mai sauƙi ne tunda nan za ku shiga nan za ku sauka, kuna da lokaci. Inda manyan jiragen ke tsayawa yana da nisa da tsakiyar gari, wajen kilomita 8, don haka taksi za ku shiga saboda Hajiya. Ku ce a kai ku Noailles, kusa da babban titin Canebière, akwai tashar metro ma mai wannan sunan. Wallahi in ka shiga kasuwar Capucins da safe sai ka manta a Faransa kake, na'ana'a tsibi-tsibi, zaitun cikin manyan robobi, dabino, ƙamshin kayan yaji, mahauta sun rubuta halal da larabci a gilashi, 'yan Aljeriya da Tunisiya da Komoros da Senegal kowa na harkarsa. Nan Hajiya za ta ci kuskus da naman rago hankalinta kwance, ana kawo kuskus ɗin daban romon daban da karas da kabewa a ciki, barkonon harisa a gefe ka zuba daidai bakinka, wajen yuro 10 zuwa 15. Yuro ɗaya sefa 656 ne, ka ga yuro 15 bai cika jika 10 ba ma.

Za ka ji ana ta zancen bouillabaisse, miyar kifin da Marsai ta yi suna da ita. Ta gaskiya tana da tsada, yuro 60 zuwa sama mutum ɗaya, wadda kuma za ka gani a bakin Vieux-Port, tsohuwar tashar ruwa ta tsakiyar gari, da araha sosai sunan kawai ta ara. Wasu masu girkin kuma suna zuba giya a ciki, sai an tambaya. Ni a ganina ba dole ba ce, ku je dai da safe ku ga masunta na sayar da kifin da suka kamo a bakin ruwan, abin kallo ne. A Faransa ruwan pampo a butar gilashi kyauta ne in ka ce carafe d'eau, kuɗin hidima kuma yana cikin farashi, amma ka kula da lokaci, girkin rana daga ƙarfe 12 zuwa 2 ne, bayan nan wurare da yawa sun rufe kicin.

Basalona kuwa kar ku zauna cin komai a kan La Rambla, babban titin da baƙi ke cika, ku kalla ku wuce, kuma ka riƙe waya da jaka da kyau don masu yankan aljihu sun yi suna a wajen. Gefen titin akwai unguwar Raval, 'yan Pakistan da Maroko sun cika ta, halal ba wahala. In abincin garin kake so ka nemi inda aka rubuta menú del día, abincin rana ne na ma'aikata a ranakun aiki, kwano biyu da abin zaƙi a farashi ɗaya, sai dai su ba su fara cin rana sai wajen 1 da rabi ko 2, ka duba da lokacin tashin jirginku. Kasuwar Boqueria tana kan La Rambla ɗin, ku shige can ciki wajen masu kifi, amma ba ta buɗewa ran Lahadi.

Hajiya Zinaru Zango

Sannu ƙanena, Allah ya kai ku lafiya ya dawo da ku lafiya, ka gaida min Hajiya. Malam Laminu ya faɗi gaskiya, ni zan ƙara na Italiya tunda ina zuwa sarin takalma da jakunkuna Napoli.

Abin da nake so ka gane shi ne a Italiya ba naman da ake gani ne matsala ba, wannan kowa zai kauce masa, kitsen alade ne da suke sawa cikin ƙullu ba ka gani ba ka ji. Suna ce masa strutto, a Napoli kuma sugna. Ka samu 'yar takarda ka rubuta waɗannan ka sa a aljihu: maiale shi ne alade, sai prosciutto, pancetta, guanciale, salame duk shi ne, vino giya. Ƙasa ka rubuta senza maiale, senza strutto, senza vino ka nuna ma mai kawo abinci, ba sa jin haushi ko kaɗan sun saba. A Sifen kuma cerdo, jamón, chorizo da manteca. Kar ka dogara da 'yan alamomin da ke jikin takardar abinci, waɗancan na masu rashin lafiyar da jikinsu ba ya karɓar gyaɗa ko madara ko alkama ne, alade ba ya cikin lissafin.

Jenowa tana da daɗi don tashar cikin gari take. Ku tafi Sottoripa, wata doguwar rumfa ce ta dutse tsohuwa da ke fuskantar tsohuwar tashar ruwa, akwai ƙananan shaguna masu soya kifi a gabanka su zuba maka a takarda kana tsaye. Ka nemi farinata, garin wani irin wake ne da ruwa da man zaitun da gishiri kawai, ana gasawa a ƙaton faranti mai faɗi cikin tanda, in an fito da ita samanta ya yi ja-ja cikinta da laushi sai a yanka maka da zafinta, Hajiya za ta so ta don ba wuyar tauna. Taliya da pesto ma ba nama a ciki, ganye ne mai ƙamshi da tafarnuwa da cuku da mai. Burodinsu focaccia dai ka tambaya, asalinsa man zaitun ne amma wasu masu gashi suna haɗawa da strutto. In nama kuke so titin Via Prè na kusa da tashar, 'yan Senegal da Maroko na nan.

Napoli kuma jirgi har tsakiyar gari yake ajiye ku. Kowa zai ce ka je Via dei Tribunali wajen shahararrun masu piza, to gaskiya suna da kyau amma layin zai iya cin awa guda cikin rana, Hajiya tsaye da gwiwa, ni ban ba ka shawara ba. A Napoli duk gidan piza na unguwa mai tandar itace da ka ga 'yan gari ciki ya wadatar. Ku ci marinara, tumatir da tafarnuwa da mai, ko margherita mai cuku, yuro 5 zuwa 8, minti biyu ma ba ta yi a wuta an kawo. Kasuwar Pignasecca ba nisa da Via Toledo, can ma akwai soyayyen kifi. Abin da za ku bari: pizza fritta don yawanci da naman alade a ciki, taralli na Napoli da sugna ake yi, sfogliatella ma haka sai an tambaya, babà kuwa cikin giya ake jiƙa shi duk kyansa a ido.

Palarmo ita ce ta fi ruɗi. A kasuwar Ballarò za ka ga ana sayar da burodi da saifar saniya, ka ce ai saniya ce, to cikin kitsen alade ake soya ta. Dunƙulen shinkafar nan arancina wadda suke ce ma al burro sunanta na man shanu ne amma da naman alade ciki. Cannoli ma ɓawonsa na gargajiya da strutto da giya ake kwaɓawa. Ku tsaya kan panelle, wato soyayyen ƙullun garin wake irin na farinata, da pasta alla Norma mai yalo da tumatir, da taliya mai sardin, da gasasshen kifi, wallahi sun isa. Amma wajen kifi ka buɗe ido, in ka ga farashi ƙarami an rubuta all'etto kusa da shi to na giram 100 ne ba na kifin duka ba, ka sa a auna a faɗa maka kuɗin kafin a ɗora a wuta. Sannan cikin faktir za ka ga coperto, yuro 2 ko 3 kowane mutum, wannan ba cuta ba ce al'adarsu ce kuma a rubuce yake jikin takardar abinci.

Inda na ɗan saɓa da Malam Laminu, shi yana maganar mai ƙafa ne. Zafin Palarmo a Yuli ba wasa ba, ga duwatsun titi ba daidai ba, ba dole ne kowace rana a fita da tsohuwa neman abinci ba. Wata ranar ta ci kifi da shinkafa a jirgi ta huta, ku samari ku fita. Ku zaɓar mata gari biyu ko uku da za ta ji daɗi sosai ya fi a jigata ta a duka shida.

Abdul Karkada

Yaya Mamman ni ban taɓa shiga jirgin ba amma ai yanzu waya ta gama komai, ka sauke taswirar kowane gari a Google Maps tun kana da wifi yadda ko ba rezo za ta yi aiki, ka rubuta halal ka zaɓi mai tauraro 4.5 zuwa sama, Google Translate kuma in ka haska kyamara kan takardar abinci zai juya maka zuwa faransanci nan take. Kuma don Allah in jirgi ya shiga teku ka kashe data, layin da waya ke kamawa a tsakiyar ruwa na tauraron ɗan adam ne yana cinye kuɗi ba kaɗan ba.

Laminu na Marsai

Abdul maganar taswira da ta kashe data daidai ne ƙanena. Amma taurarin nan a yi hattara, su wa suka ba da su? In baƙi ne irinku da suka ci sau ɗaya suka tafi to ba su san yadda abincin ya kamata ya kasance ba, kyan wuri da ganin teku suka yaba. Ka buɗe sharhin ka ga ko da yaren garin aka rubuta kuma na kwanan nan ne. Sannan in halal kawai ka rubuta, kebab da shawarma za su cika maka waya a kowane gari, ka yi kwana 7 kana cin abu ɗaya. Garuruwan nan duk na bakin teku ne, kifi shi ne mafita.

Nafisa 'yar Sabon Gari

Kawu Mamman ina wuni, ni a Tunis na yi karatu bari in faɗi na can. Jirgin ba cikin Tunis yake tsayawa ba, a La Goulette ne, su suna ce mata Halƙul Wadi, wajen kilomita 10 da ɗan wani abu daga tsakiyar birni. Abin daɗin shi ne garin kansa wurin cin kifi ne, mutanen Tunis ma nan suke zuwa da iyalansu, gidajen kifi sun jeru a titin Franklin Roosevelt. Ku ce complet poisson, za a kawo gasasshen kifi guda da soyayyen dankali da tastira, wato tattasai da tumatir da ƙwai da aka soya aka daddatsa tare, kafin nan ku ci brik mai ƙwai a ciki, a ci da hannu a hankali don ƙwan bai daskare ba yana zubowa. Nan ne ranar da Hajiya za ta ci duk naman da ranta ke so ba tambaya, kuma kowa na jin faransanci. Sai dai wasu gidajen na titin suna sayar da giya, in ba ta son zama a irin wurin ku leƙa tebura kafin ku zauna, akwai waɗanda ba sa yi. Akwai ƙaramin jirgin ƙasa TGM da ke zuwa Kartaj da Sidi Bu Sa'id amma Sidi Bu Sa'id hawa ne sosai, da gwiwa sai dai taksi, ku yi ciniki ko ku ce ya kunna kwantar kafin ku shiga. Dinari ku canza kaɗan daidai na ranar don ba a yarda a fita da shi daga ƙasar ba.

Babban abin da ya sa na yi magana shi ne agogo. Tunisiya lokacinta ɗaya da namu na Nijar duk shekara, su kuwa Faransa da Italiya da Sifen a watan Yuli suna gaba da awa ɗaya. Wayarka za ta iya komawa lokacin Tunis da kanta alhali jirgin wataƙila yana kan nasa, kana zaune kana shan shayi kana ganin da sauran awa guda ashe lokaci ya yi. Ka tambayi ma'aikatan a ƙofa kafin ku sauka wane lokaci ake bi, ka saita agogon hannu a kai. Suna so kowa ya dawo kamar minti 30 kafin tashi, kuma wanda ya fita da kansa ba cikin rangadin da jirgin ya shirya ba, ba a jiran shi. Takardar shirin rana da suke rabawa tana da lambar wakilinsu na tashar, ka ɗauke ta hoto. Ku ma ku tabbatar bizarku mai shiga da fita ce fiye da sau ɗaya tunda za ku fita Turai ku sake shiga.

Malam Habu

Allah ya sa a je a sa'a. Game da kifi da sauran abin teku babu damuwa, aya ta 96 a Suratul Ma'ida ta halatta, kuma a mazhabarmu ta Malikiyya duk abin ruwa ana ci. Naman Ahlul Kitabi aya ta 5 ta yi magana a kai, amma malamai sun saɓa kan irin yankan masana'antun yanzu, don haka tunda Hajiya ta zaɓi ta kiyaye kar wanda ya matsa mata. Abin da aka dafa da giya a bar shi ko an ce ta ƙone. Ku riƙa fita da alwala da 'yar darduma mara nauyi, ku matafiya ne kuna da sauƙin ƙasaru.

Mamman Birni

Kai madalla, Allah ya saka muku da alheri baki ɗaya, na kwafe komai a littafi har kalmomin Hajiya Zinaru. Na karanta ma Hajiya ta ce ita Marsai da Tunis da Jenowa sun ishe ta, sauran mu je mu ba ta labari. Tambaya ɗaya ta rage, ta dage sai ta tafi da kilishi da yajinta wai ko abincin jirgin bai yi mata ba, akwai matsala?

Laminu na Marsai

Kilishi kam a bar shi gida Malam Mamman, dokar Tarayyar Turai ta hana matafiyi shigo da nama ko kayan madara daga waje ko busasshe ne, in duwan suka gani a filin jirgi karɓewa za su yi har ana iya cin tara. Yaji busasshe ba nama ba ne, a zuba a ƙaramar roba mai murfi cikin babbar jaka. Ka ce ma ƙanenka tun yanzu ya sanar da kamfanin jirgin cewa Hajiya ba ta cin alade da abin da aka sa ma giya, suna rubutawa a sunanta, daren farko kuma ku sake faɗa ma shugaban masu hidimar ɗakin cin abinci da baki. In kun sa ranar isowa Marsai ka turo min saƙo ta akwati, in ina gari ni zan kai ku Noailles da motata Hajiya ba sai ta nemi taksi ba.